Famfo, ƙofa da fitila masu aiki da kansu: wace hanya ce ba ta tona asirin mai gida?

Wata safiya na tsaya shan shayi a bakin wani layi a unguwar Zango, nan Damagaram, kusa da siton wani ɗan kasuwa da na haɗa wa fitilu da ƙofa mai buɗewa da waya. Ban ce uffan ba mai shayin ya ce, "Malam, in wurin Alhaji ka zo, ba ya gari tun shekaranjiya." Na ce wa ya gaya maka? Ya nuna bayan siton da cokalin da ke hannunsa. "Fitilar can ta baya. In yana gari ba ta kamawa, shi da kansa yake zagawa da tocila bayan isha'i. In ta kama tun magariba, to ya yi Kano, kwana uku ko huɗu."

Ni na saita fitilar haka, don Alhaji ya ce yana son wurin ya yi haske in ba ya nan, ɓarayi su ji tsoro. Babu wanda ya fasa lambar sirri, babu wanda ya taɓa waya. Mutum ne kawai mai zama wuri ɗaya kullum, idonsa biyu. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tun ranar na canza yadda nake ba da shawara.

Masu zuwa wurina a nan Damagaram iri-iri ne: mai lambu a Mirriya da ke son tayar da famfo yana zaune cikin gari, mai siton wake ko riɗi, mai gidan da ke yawan tafiya ya bar iyali, mai foraj da ke sayar da ruwa. Tambayarsu ɗaya ce, "Na sim zan saya ko na intanet?" Ni kuma nakan fara da tawa: me kake ɓoyewa, kuma wa kake ɓoye wa?

Abin da za a auna

Masu kallo uku ne. Na farko mai ido da kunne: mai shayi, maƙwabci, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja a bakin layi, dillalin da ke son sanin ko sito ya cika kafin ya taya. Na biyu yana kan hanyar da umarninka ke bi kafin ya isa ga na'ura: kamfanin waya, kamfanin da ya ƙera kayan, ko wani mai kutse. Na uku ɗan gida ne: yaron shago da aka sallama, mai gadi, da wanda ya haɗa maka kayan, wato mu. Da ɗan gari akan ci gari. A abin da na gani, na farko da na uku sun fi na biyu ɓarna nesa ba kusa ba, amma na biyun ne masu sayar da kaya ke tsorata mutane da shi.

Wannan ba hirar bakin titi kaɗai ba ce. Injiniyoyin sarrafa na'urori suna da reshe guda da ke nazarin ta. Tun 1987 Ramadge da Wonham suka shimfiɗa lissafin yadda ake ɗora wa na'ura mai kula, wanda zai hana ta wasu matakai ya bar mata wasu. Daga baya aka kawo tambayar sirri a kai: in wani yana ganin ɓangare kawai na abin da na'ura ke yi, zai iya rantsuwa cewa abu kaza ya faru? Ƙa'idar ba ta da wuya. Sirri yana tsira ne kawai idan duk abin da mai kallo ya gani a ranar sirrin, akwai wata rana ta yau da kullum da za ta nuna masa daidai wannan. Fitilar Alhaji ba ta cika wannan sharaɗi ba, don babu daren da take kamawa yana gari. A 2014 Wu da Lafortune na Jami'ar Michigan suka fitar da hanyar cusa motsin ƙarya cikin na gaskiya don mai kallo ya kasa tantancewa. Mu ɓad da sawu muke ce masa, fatake sun san shi tun kafin a san lantarki.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana zana sansanonin soja a wuraren da babu kowa, har da yankin Sahel, saboda sojoji suna gudun safe ɗaure da agogon da ke rubuta sawunsu. Ba a saci takarda ko ɗaya ba.

Don haka kowace hanya zan auna ta da abin da mai ido ke gani, da hannun da umarni ke bi, da wanda ke riƙe da makulli da ko za a iya karɓe shi ranar da aka ɓata. Sai kuɗi, na saye da na wata-wata. Sai ƙarko, wanda a garin nan yake nufin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da tsawar damina, da ɗaukewar wuta. Wanda ya ga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Sai sauƙin amfani, da abin da ke faruwa ranar da kayan suka lalace.

Farashin da zan faɗa a jika ne, wato sefa 1,000 kowace jika. Kiyasi ne daga abin da nakan saya, kuma yana motsi da naira, tunda yawancin kayan daga Kano suke shigowa ta Matamaye ko Magarya.

Agogon wuta da ƙwallon tanki

Su ne mafi tsufa kuma mafi araha. Agogon wuta ɗan akwati ne da ke kunnawa da kashewa a lokacin da aka yanka masa. Ƙwallon tanki kuma yana yawo a kan ruwa, in shato, wato tankin, ya cika ya yanke famfo, in ruwa ya sauka ya tayar da shi. Ba sa magana da kowa, don haka mai kallo na biyu babu shi sam, babu kuma lambar sirri da za a sace. Jika 4 zuwa 10 sun isa, daga nan ba ka ƙara biyan ko dala.

Agogon iri biyu ne. Mai faifai da haƙora, kowane haƙori minti 15, tsayawa yake duk sa'ad da wuta ta ɗauke. In ta yi awa uku ba ta dawo ba, fitilarka za ta riƙa kamawa awa uku a makare har sai wani ya je ya juya faifan. Mai allo yana da ɗan batir a ciki da ke riƙe lokaci, kuma da yawansu suna da saitin da ke jirkita lokacin kunnawa da 'yan mintuna kowace rana. Wannan saitin kaɗai ya cancanci ƙarin kuɗin.

Gaban mai ido, agogo yana rufa asiri ne in yana aiki kullum, kana gari ko ba ka nan. In sai za ka yi tafiya kake jona shi, ka ɗauki mai shela ke nan. Ƙwallon tanki kuwa ba ya iya ƙarya: famfo na tashi ne in an sha ruwa, gidan da famfonsa ya yi shiru kwana huɗu kowa a layin ya san babu kowa ciki. Babban aibinsu su biyun, ba ka iya canza komai daga nesa, kuma famfo zai ƙone ba su gaya maka ba.

Rimot na ƙofa

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Masu araha, na jika 5 zuwa 15, lamba ɗaya suke aikawa ta iska duk lokacin da aka danna. Ana sayar da rimot mai kwafe irin wannan lamba, kuma minti ɗaya a hannun yaron wankin mota ya isa. Masu canza lamba a kowace dannawa sun fi su ƙwarai. Su ma an nuna hanyar yaudararsu, kamar yadda wani mai binciken tsaro, Samy Kamkar, ya yi a Amurka a 2015 da 'yar na'urar da ke toshe saƙon tana naɗarsa, amma wannan aiki ne na wanda ya yi shiri na musamman dominka. Rimot ba ya nisa, ba ya kuma rubuta wanda ya buɗe. In ɗaya ya ɓace, a goge duka a sake koya wa akwatin waɗanda suka rage.

Akwatin sim

Wannan ne aka fi nema a nan, kuma da dalili. Akwati ne da ake saka wa layin waya. Ka kira shi, ya duba lambarka, in tana cikin waɗanda aka yarda ya katse kiran ya kunna famfo ko ya buɗe ƙofa, kiredit ɗinka bai taɓu ba. Irin su RTU5024 suna ɗaukar lambobi har 200. Yana aiki ko da ƙaramar waya mai madannai, yana kuma aiki inda rezo ke da rauni, inda intanet ba ta ko buɗewa. Jika 20 zuwa 35 ne, sai ɗan kiredit don kada a rufe layin. Wannan rufe layin shi ne ya fi kashe su: an manta wata da watanni ba a saka masa komai ba, ranar da ake buƙatar ruwa sai a ji layin ba ya shiga.

Ta fuskar sirri, ƙofofinsa uku ne. Ta farko lambar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta, wadda a yawancinsu 1234 ce. Na sha buɗe akwatin da ya shekara yana aiki na tarar da ita yadda ta zo. Duk wanda ya san lambar layin zai iya tura saƙo ya ƙara kansa cikin waɗanda aka yarda.

Ta biyu, saitin akwatin da gajeren saƙo ake yinsa, kuma lambar sirri tana cikin saƙon a fili. Tana nan zaune a wayarka cikin saƙonnin da ka aika. Ka ba yaro wayar ya kai caji, ko ya kira maka wani, ya gama karantawa. Haka ma saƙon da akwatin ke dawo maka da shi cewa an buɗe ko an rufe: tarihin zirga-zirgar sitonka ne, da rana da minti.

Ta uku ita ce hanyar kanta. Gajeren saƙo ba a kulle yake daga hannunka zuwa akwatin ba, kamfanin waya yana da rajistar kowane kira da kowane saƙo, kuma makullin da ke kare maganar GSM, wato tsarin layin waya da akwatin ke bi, a iska tsoho ne. Wani mai binciken tsaro, Karsten Nohl, ya nuna yadda ake fasa shi a wani taro a Berlin a Disambar 2009. Na faɗi wannan don gaskiya ne, amma ban ga dalilin da mai lambun albasa da salak zai hana kansa barci a kai ba. Ƙofa ta farko da ta biyu su ne a buɗe, kuma rufe su kyauta ne: canza lambar, goge saƙonni, kada ka rubuta lambar layin a jikin akwatin, ka kuma sa akwatin inda hannu ba zai kai ga sim ɗin ba.

Wajen karɓe makulli yana da kyau. Yaro ya bar aiki, saƙo ɗaya ya cire lambarsa. Wajen ƙarko ma ba laifi, in ba a sa shi cikin akwatin ƙarfe a rana ba, in kuma an toshe ramukan waya don ƙadangaru da tururuwa. Doguwar wayar da ta tashi daga shi zuwa famfo tana jawo masa tsawa, don haka a sa masa kariya kafin damina.

Gaban mai ido kuwa, akwatin sim yana bin halin mai shi. In kana kunna famfo da hannu kana nan, kana kunna shi da waya in ba ka nan, mai gadin lambun kusa zai ga famfo ya tashi babu mutum, ya san inda aka kwana.

Na wifi masu bi ta kamfani

Su ne masu kyan gani. Sonoff da manhajarsa eWeLink, ko kayan Tuya da ke amfani da Smart Life, dukansu na kamfanonin Sin. Kowane ɗaya jika 6 zuwa 15, araha har mutum ya yi mamaki. Amma kuɗin gaskiya yana gaba: sai da akwatin wifi a wurin, da batir da zai riƙe shi, da intanet ta wata-wata. Cikin shekara ɗaya intanet ta ninka kuɗin na'urar sau da yawa. Wajen sauƙi babu kamarsu: ka ga komai a allon waya, ka tsara lokuta, ka ga wutar da famfo ya ci.

Ka danna a wayarka kana Birni, umarnin ya tafi babbar kwamfutar kamfani a wata ƙasa, sannan ya dawo ga fitilar da ke Sabon Gari. A kulle yake tafiya, wannan ya fi gajeren saƙo. Sai dai kamfanin yana da rajistar duk abin da ka kunna da ka kashe. Kuma kulle saƙo yana ɓoye abin da ke ciki ne, ba ya ɓoye cewa an aika. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna a 2017 cewa mai kallon yawan bayanan da ke fita daga gida da lokacin fitarsu zai iya gane sa'ad da mutum ya kwanta, ko sa'ad da kyamara ta ga motsi, ba tare da ya buɗe saƙo ko ɗaya ba. Mai shayi ne dai, ya koma zama a kan waya.

Inda na fi ganin ɓarna a nan gida ba can ba ne. Mai haɗa kaya ya zo, mai gida ba shi da imel ko ya manta lambarsa, sai mai haɗawa ya yi rajistar komai da sunansa, ya raba wa mai gida dama. Daga ranar shi ne mai kayan. Yana ganin lokacin da aka buɗe sito, yana ganin kyamarar tsakar gida in akwai, kuma mai gida ba zai iya cire shi ba. Yawancin masu yin haka ba da mugun nufi suke yi ba, gaggawa ce. Amma waya takan ɓace, akan sayar da ita, abota takan lalace. Duk wanda zai haɗa maka irin wannan, ka zauna kusa da shi a buɗe rajistar da lambarka, ka rubuta lambar sirrin da hannunka. In ya ji haushi, ka nemi wani.

Kyamara sai an ƙara kula. A 2014 wani shafin intanet ya riƙa nuna hotunan kyamarori sama da 70,000 kai tsaye daga gidaje da shaguna a duniya, duk don masu su ba su canza lambar sirrin masana'anta ba. A 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu da jerin lambobin masana'anta kusan 60 kawai. Ni ba na sa kyamarar da ke bi ta kamfani a cikin gida inda mata suke, ko an roƙe ni. Ƙofar waje da sito, na yarda.

Ƙarkonsu yana rataye da abubuwa uku a lokaci ɗaya: wuta, rezo, da ran kamfanin. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin nan kuma ba su da agogo mai batir, in wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, ba su san ƙarfe nawa ba, tsarin lokutan da ka yi ya tsaya.

Ƙaramar kwamfuta a cikin gida

A nan ƙwaƙwalwar tana wurinka. Ana sa 'yar kwamfuta irin Raspberry Pi, a ɗora mata manhajar kyauta irin Home Assistant, na'urorin su riƙa magana da ita kaɗai. Wasu na'urorin Sonoff ma ana iya sauya musu manhajar ciki da Tasmota su daina kiran kamfani. Intanet ta yanke, komai na ci gaba. In kana son shiga daga nesa, ana haƙa maka ɓoyayyar hanya da manhajar WireGuard. Layukan waya galibi ba sa ba ka adireshin da za a same ka kai tsaye daga waje, don haka akan bi ta wani mai shiga tsakani, amma shi kulallen saƙo kawai yake miƙawa, bai san na fitila ne ko na ƙofa ba.

Ita ce ta fi kowacce gaban masu kallo uku. Kowa da sunansa da lambarsa, ana iya ba mai gadi damar fitila a hana shi ƙofa, ana rubuta wanda ya yi me, ana cire mutum nan take. Ita ce kuma ke iya ɓad da sawu da hankali: ta kunna fitilar ɗaki yau ƙarfe bakwai da kwata, gobe bakwai da rabi, ta kashe bayan isha'i kamar da mutum ciki.

Araha dai ba ta ado. Kafin a gama, da kwamfutar da batir da na'urori da ladan mai haɗawa, a shirya jika 100 zuwa 200, ko fiye in wurin babba ne. Ba ta cin wuta, 'yan wat kaɗan ne, ƙaramin farantin sola da batir sun riƙe ta. Amma ɗan katin ajiyarta yana lalacewa in ana yanke mata wuta ba zato, don haka batir dole ne, kuma ya fi kyau a sa mata ma'aji mai ƙarfi maimakon katin. Tana son inuwa da iska, da mai share mata ƙura.

Wani abu da masu famfon sola ya kamata su sani: yawancin injinan da ke sarrafa famfon suna magana da yaren Modbus, wanda aka ƙirƙira a 1979, lokacin da ba a tunanin wani baƙo zai hau wayar. Ba shi da lambar sirri, ba shi da kulle. Duk wanda ya kai ga wayar, umarninsa ake bi. A bar shi ya tsaya tsakanin injin da kwamfutar gida, kada a jona shi kai tsaye da intanet.

Haɗarinta na gaske shi ne mutum ɗaya. Masu iya wannan aiki a garin nan ba su da yawa, wasunsu ɗaliban Jami'ar André Salifou ne da za su gama su tafi. Ranar da wanda ya haɗa maka ya koma Yamai, in bai bar maka lambobin sirri a takarda da kwafin saitin ba, ka zama baƙo a gidanka. Ka sa wannan cikin ciniki tun farko, ka kuma tabbata kowace fitila da famfo suna da makunnin hannu a bango.

| Hanya | Kuɗin saye (jika) | Na wata-wata | Ƙarko | Sauƙi | Inda sirri ke zuba |
|---|---|---|---|---|---|
| Agogo da ƙwallon tanki | 4–10 | babu | sosai | sosai | mai ido, in ba kullum yake aiki ba |
| Rimot | 5–15, mai canza lamba ya fi tsada | batir kawai | da kyau | sosai | kwafe lamba, ɓacewa |
| Akwatin sim | 20–35 | ɗan kiredit | da kyau | da kyau | lambar masana'anta, saƙonni a waya |
| Wifi ta kamfani | 6–15 kowane ɗaya, ban da akwatin wifi | intanet | matsakaici | sosai | mai haɗawa, kamfani, kyamara |
| Kwamfutar gida | 100–200 | babu, sai in ana shiga daga nesa | da kyau in da batir | sai da gwani | wanda ya haɗa ta |

Kuɗin ɓad da sawu

Ko wacce ka zaɓa, mai ido yana nan. Hanyoyin rufe masa biyu ne: ko na'urar ta riƙa yin abu ɗaya kullum, ko ta riƙa yin abin da ba shi da tsari. Ta farko ta fi sauƙi. Ƙwan fitila mai wat 10 da ke ci awa 12 kowane dare yana shan kilowat-awa 3.6 a wata. Wannan ne duk kuɗin rufe bakin fitilar Alhaji. Na je na same shi da ya dawo, na ce, "Alhaji, fitilar baya tana gaya wa layi duka in ka yi tafiya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, yaya za a yi?" Muka bar ta tana kamawa kowace magariba da agogo mai allo, ya kuma ce wa ƙanensa ya riƙa zagawa da tocila bayan isha'i a ranakun da ba ya nan, wani lokaci har yana nan.

Famfo ba haka ba ne. Ba a tayar da shi a banza don ruɗa maƙwabta, balle a garin da ke zaune kan dutse, ake jawo masa ruwa daga Gogo-Machaya da Arunguza. Abin da ake yi shi ne a yanka masa lokaci ɗaya kullum, misali da hantsi, ya cika abin da ya ragu, ƙwallon tanki ya yanke shi. Tsawon gudunsa zai ɗan bambanta, amma shirun kwana huɗu ya kau in akwai shuka ko dabba da ake ba ruwa. Kada kuma a taɓa cire kariyar da ke tsayar da famfo in rijiya ta ƙafe don a daidaita sautinsa. Famfo ya fi wannan sirrin tsada.

Wacce ta dace da wa

Mai lambu a Mirriya ko wani wuri a bayan gari, wanda buƙatarsa ruwa ne kuma rezo ke zuwa yana tafiya: akwatin sim, da ƙwallon tanki a bayansa, da lambar sirri sabuwa. Ya riƙa kunnawa da waya ko yana tsaye a lambun, don kada tashin famfo ya bambanta.

Mai gidan da ke tafiya ya bar iyali: agogo mai allo a fitilun waje, yana aiki kowane dare na shekara, da rimot mai canza lamba in ƙofar mota ce. Babu kyamarar kamfani a tsakar gida.

Mai shago a kasuwar Dole da ke son ganin firij da fitila a waya, wanda ba abin da zai rasa in an san lokacin buɗewarsa tunda kowa na gani: na wifi sun ishe shi, da sharaɗin rajistar tana hannunsa.

Mai siton wake ko riɗi, wanda farashi ke motsi in dillalai sun san abin da ya tara: akwatin sim a ƙofa in yaransa ba su wuce biyu ko uku ba. In sun fi haka, ko situnan sun kai biyu, kwamfutar gida za ta biya kanta da rajistar wanda ya buɗe kaɗai. Fanka da fitilar ciki su bi agogo, sito cike ko wayam.

Mai foraj da ke sayar da ruwa, ko ƙaramin asibiti mai firij ɗin magani, ko makaranta mai ɗakin kwana, inda hannaye da yawa ke taɓa kaya kuma ma'aikata ke sauyawa: kwamfutar gida, da akwatin sim a gefe wanda aikinsa kawai ya turo saƙo in wuta ta yanke ko shato ya sauka. Takardar lambobin sirri ta zauna wurin shugaba, kwafi ɗaya kuma a rufe a ambulan wurin wani amintacce da ba ya aiki a wurin.